Zumunta a Ƙafa Ta Ke, To In Hanya Ta Toshe Fa?

Tun zamanin kakanni Hausawa su ke cewa zumunta a ƙafa ta ke, watau wanda ya ke son ɗan'uwansa ba ya tsayawa ga aike, sai ya ɗauki sandarsa ya tafi ya gan shi ido da ido. Magana ce mai kyau, ba kuwa mai hankalin da zai ce a yar da ita. Amma ko wace magana tana da wurin faɗinta. Akwai mutane yanzu waɗanda suka ɗauki wannan karin magana suka mai da shi bulala, suna dukan talakan da ya ke kiran 'yan'uwansa ta wayar hannu bisa hanyar intanet, ya ji muryarsu, ya ga fuskokinsu. Waɗansu suna cewa wasan yara ne da ɓarnar kuɗi, ya kashe ziyara. Waɗansu kuwa, su ne ma masu iko, suna ganin abin kamar fitilar ƙofar gida ce, wadda a ke hurawa a kashe duk sa'ad da aka ga dama, ba wanda zai cutu. Dukansu biyu sun yi kuskure, kuma babu inda kuskuren nan ya fi fitowa fili kamar gabashin Jihar Sakkwato, a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo.

ƘASAR DA 'YA'YANTA SU KE WARWATSE

Wanda bai san ƙasar nan ba ba zai gane nauyin maganar ba. Gulbin Rima shi ya ratsa ta Goronyo ya gangaro Wurno, gulbin Sakkwato kuwa ya bi ta Rabah, suka haɗu kusa da birnin Sakkwato. Fadamun gulaben nan su ne arzikin mutane, a nan a ke noman shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa, balle tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Albasar kuwa ba a gida a ke cinye ta ba. Manyan motoci su ke kwasarta zuwa kasuwar Mile 12 ta Ikko, da Badun, da Anacha, da Fatakwal, kuma ko wace mota ta tashi akwai ɗan ƙasar bisa buhunan, ko kuwa yana can kurmi zaune yana jiran isowarsu.

Ban da fatauci ga cin rani. Da an sa amfanin gona a rumbu sai samari su kama hanyar kudu, wani dako, wani gadi, wani ga-ruwa, wani yankan farce, ba su komowa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wannan al'ada daɗaɗɗiya ce. A ranin 1952 zuwa 1953 an tsai da malamai bisa hanyoyin da su ke fita daga Lardin Sakkwato suna ƙidayar masu tafiya cin rani, har wani Bature masanin labarin ƙasa, R. M. Prothero, ya rubuta littafi a kan abin da aka samu. Tun lokacin mutanen lardin su ke kaiwa har Kumasi da Ankara ta Gana. A haɗa da almajirai da su ke gabas wajen karatu, da 'yan makaranta, da sojoji, da waɗanda suka tafi Makka suka daɗe, da 'yan mata da aka kai aure wani gari, sai a ga da wuya a sami gida ɗaya a ƙasar nan wanda dukan mutanensa su ke kwana cikinsa shekara guda cur.

Bisa wannan rabuwa ta neman abinci sai ga wata ta auko, wadda ba wanda ya zaɓe ta. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyen Tabanni cikin ƙasar Gandi ta Rabah, suka kashe mutane fiye da 30, sauran suka tsere zuwa Gandi suka zauna zaman gudun hijira. Daga 2019 kuwa dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetare iyaka suka fake a jihar Maraɗi ta Nijar, wajen Gidan Rumji. Gida ɗaya sai ya rabu uku ko huɗu: tsohuwa tana Gandi, ɗanta yana Ikko, matarsa da 'ya'yansa suna wajen dangi a birnin Sakkwato, ƙanwarsa tana hayin iyaka. Waɗannan su ne mutanen da a ke gaya wa zumunta a ƙafa ta ke.

SAƘO YA GIRMI WAYA

Masu ganin aika magana daga nesa baƙon abu ne, sai su waiwayi tarihin garin Wurno kansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa shi ribaɗi don tsaron iyaka, a can ya zauna ƙarshen zamaninsa, a can ya rasu a 1837, a can kuma hubbarensa ya ke. Daular da ya riƙe ta kai tun daga Sakkwato har Adamawa, tafiyar watanni, ba kuwa da ƙafarsa ya ke zaga ta ba. Da takarda ya riƙe ta. Wazirinsa Gidaɗo ɗan Laima shi ke kula da wasiƙun da su ke kai da kawowa tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas, manzanni suna bisa hanya rani da damina. Ta wasiƙa Bello ya yi muhawara da Shehu Laminu na Barno, kuma da Kyaftin Clapperton ya zo masa a 1824 ta hannunsa ya aika wa Sarkin Ingila takarda. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, matar Gidaɗo, da ta ga matan ƙauye ba su da ikon zuwa wurinta duka, sai ta naɗa jajis suna ɗaukar karatu suna kai musu har cikin gidajensu. Ba wanda ya ce waɗannan bayin Allah sun kashe zumunta don sun aika magana inda ƙafarsu ba ta kai ba.

Da zamani ya juya aka sami gidan waya da tangaraho, talaka ya shiga wata wahala. Mai cin rani da bai iya rubutu ba sai ya biya malamin wasiƙa ya rubuta masa, takarda ta yi makonni a hanya, in ta iso kuma sai an nemo mai karantawa. Asirin miji da mata sai ya bi ta kunnen mutum biyu kafin ya kai ga mai shi. Sau da yawa labarin rasuwa ba ya isa kurmi sai an yi sadakar arba'in. Saboda irin wannan ƙishirwa ne, da aka buɗe gidan rediyo da talbijin na Kaduna a 1962, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda a Rabah aka haife shi ya kuma yi hakimcinta tun 1934, ba shirin da ya shiga ran jama'a kamar na gaishe-gaishe, irin su Zaɓi Sonka. Mutum ya sayi kati ya aika, ya yi ta kasa kunne, don dai a ambaci sunan mahaifiyarsa ta san yana raye. Bayan wannan aka yi zamanin kaset, mutum ya zauna ya cika shi da magana ya ba matafiyi ya kai gida. Duk waɗannan dabaru buƙata ɗaya ta haife su, ita ce kuma ta sa jama'a suka rungumi wayar hannu da ta shigo Nijeriya a 2001.

YADDA ABIN KE AIKI

Ya kamata a bayyana bambancin kiran waya na dā da kiran intanet, gama a nan amfanin talaka ya ke. Kira na dā da minti a ke biyansa, in kuwa ƙetare ne kuɗin sai ya ninka, har mutum ba ya iya gama gaisuwa katinsa ya ƙare. Kiran intanet kuwa, wayar ce ta ke yayyanka murya da hoto ƙanana ƙanana, ta tura su ta ƙarfen sabis mafi kusa, su bi hanyoyinsu su isa wayar wancan, ta harhaɗa su su koma magana, duk cikin ƙiftawar ido. Abin da a ke biya shi ne yawan abin da aka tura, wanda a ke kira data, nisa ba ya cikin lissafi. Saboda haka mutumin Goronyo da ya kira ɗansa a Jidda, da wanda ya kira maƙwabcinsa a Shinaka, kuɗinsu ɗaya in tsawon maganarsu ɗaya ne. Skype shi ya fara yaɗa wannan hanya a duniya tun 2003, har aka rufe shi a 2025. Wanda ya kai ta ƙauyukan ƙasar Hausa kuwa WhatsApp ne, wanda ya fara kiran murya a 2015, kiran bidiyo kuma a 2016.

Kiran bidiyo ya fi na murya cin data, yana kuma son sabis mai ƙarfi, don haka a ƙauye a kan ajiye shi don babbar rana, kamar suna ko salla ko dubiyar mara lafiya. Abin yau da kullum shi ne saƙon murya. Mutum ya danna ya faɗi abin da ke ransa da bakinsa, da harshensa na Sakkwatanci, ba ya bukatar ya san baƙi ko wasali. In sabis ya yi rauni saƙon ya kan jira cikin waya, da yaro ya hau tudu ko ya shiga kasuwa sai ya tafi. Watau abin da Yaƙi da Jahilci ya yi ta fama a kai tun shekarun 1950, a ce mutum ya aika wa nasa magana ba tare da wani ya shiga tsakani ba, ga shi tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta samu.

A ɗauki misalin irin wannan tsohuwa. Ba ta da waya mai hoto, ta jikanta ce ko ta maƙwabci, an kai ta wurin mai caji an biya an cika ta. Ɗanta yana kurmi wata biyar. In ya ce mata ta murya, “Inna, lahiya lau ni ke,” tana iya yarda tana iya ƙi, gama ta san ɗa ba ya gaya wa uwa ciwonsa. Amma in ta ga fuskarsa, ita da ta haife shi, ta san ko ya rame ko bai rame ba. Shi kuma ya ga jaririn da aka haifa masa bayan tafiyarsa, ya ga tsayin geron da ya bari a hannun ƙanensa, ya ga buhunan albasa kafin a ɗora su a mota, dillali ba shi da bakin ce masa ta ruɓe tun daga gida. Wanda ya kira wannan wasan yara, to bai taɓa kwana da tunanin wani nasa da ke nesa ba.

AMSA GA MASU CEWA YA KASHE ZIYARA

Dattawan da su ke kuka da waya suna da gaskiya ta fuska ɗaya, kuma wajibi ne a ba su ita. Mutumin da ke zaune unguwa ɗaya da ƙanen ubansa, aka yi masa rasuwa, ya kishingiɗa a ɗaki ya aika ta'aziyya ta saƙon murya, wannan ya yi abin kunya, ba kuwa wani uzuri da zai wanke shi. Haka yaron da ke zaune gaban mahaifinsa ana magana idonsa na kan waya. Irin waɗannan a yi musu faɗa, sun cancanta.

Amma a dubi hanyar da a ke cewa mutumin gabashin Sakkwato ya bi da ƙafa. A farkon Satumba na 2021 Gwamnatin Jihar da kanta ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, wadda ta tashi daga ƙasar Wurno, ta ce matafiya su zagaya ta Goronyo da Sabon Birni, don hanyar ta zama tarkon masu satar mutane. A Disamba na shekarar nan kuwa aka tare wata motar fasinja a ƙasar Sabon Birni aka cinna mata wuta da mutane a ciki, fiye da 20 suka ƙone. Uwar da ta san haka, ita da kanta ta ke roƙon ɗanta kada ya zo, ya kira ta kawai. Wanda ya zarge shi da yanke zumunta, in an sace shi a hanya shi ne zai sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansa? Karin maganar nan an yi ta ne zamanin da matafiyi ya ke tsoron kura da ƙishirwa, ya kwana a zauren ko wane mai gari ba fargaba. Manufarta ita ce kada mutum ya yar da nasa, kuma mai kiran uwarsa ko wace Jumma'a daga Ikko ya fi kusa da wannan manufa bisa ga wanda ke gari ɗaya da tasa yana wata bai leƙa ta ba.

Akwai kuma masu cewa kiran bidiyo ƙofar lalata ce ga mata da matasa. Lalle akwai masu ɓata shi, kamar yadda aka sami masu ɓata wasiƙa da masu ɓata kaset, har da masu ɓata hanyar rijiya. Maganin wannan tarbiyya ce da sa ido na iyaye. Amma maigidan da ya hana matarsa waya sam, alhali ya auro ta daga wani gari, ya kuma san hanyar garinsu ba ta biyuwa, sai ya tambayi kansa ko yana da ikon raba ta da ganin fuskar mahaifiyarta shekara da shekaru. Matan da ke cikin kulle su suka fi kowa samun sauƙi da wannan abu, su ne kuma a ke fara hanawa.

SA'AD DA AKA KASHE SABIS

Kuskuren dattawa ƙarami ne in aka gwada shi da na masu iko, gama nasu ya tsaya a baki, na waɗannan kuwa an aikata shi a kan mutane. Ranar 3 ga Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta umurci kamfanonin waya su kashe sabis a Jihar Zamfara duka, bisa roƙon gwamnatin jihar, aka ce na mako biyu ne da fari. Katsina ta bi baya a waɗansu ƙananan hukumominta. Ranar 20 ga watan Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya bayyana cewa an kashe a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, Rabah da Goronyo da Isa da Sabon Birni suna ciki. Dalilin da aka bayar shi ne 'yan bindiga da waya su ke shirya hari, da ita masu kai musu rahoto su ke gaya musu motsin sojoji, da ita kuma a ke cinikin kuɗin fansa.

Ba a musun ko ɗaya cikin waɗannan, kuma waɗanda suka yanke shawarar ba mugunta suka nufa ba, wuya ce ta kai su. Amma shawara da sakamakonta a ke auna ta. Ɗan bindiga yana da babur, yana da kuɗi, yana da yaran aike, daji kuma nasa ne. In sabis ya ɗauke a nan sai ya hau babur ya tafi inda akwai, ko ya matsa kusa da iyaka ya kama na Nijar da layin can. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan shi ne manomi. Dā in an ga babura sun fito daga daji, mutanen wannan ƙauye su kan kira na gaba su ce a kwashe mata da yara, wani kuma ya kira ɗan'uwansa a birni ya gaya wa jami'an tsaro. Da aka kashe sabis sai wannan ƙararrawa ta yi shiru. Masu sana'ar POS, waɗanda ta hannunsu kuɗin masu cin rani ke isa gida, suka rufe rumfunansu, gama na'urarsu ba ta aiki sai da sabis. Mai mara lafiya ba shi da hanyar kiran mota. Mutanen da ke kurmi kuwa suka zauna makonni suna jin a rediyo an kai hari ƙasarsu, su buga waya ba ta shiga, ba su san ko nasu na cikin matattu ba. Duk wanda ya taɓa jiran labari irin wannan ya san ciwo ne da ba ya barin barci.

Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021, ranar kasuwar Goronyo, wajen mako huɗu da kashe sabis, 'yan bindiga suka shigo kasuwar tana cike suka buɗe wuta. Gwamnatin Jihar ta ce mutum 43 suka rasu. Rashin sabis bai hana maharan haɗuwa ba, bai hana su sanin ranar kasuwa ba, bai kuma hana su komawa daji ba. Waɗanda ya ɗaure wa hannu su ne mutanen da ke cikin kasuwar da danginsu na nesa. Bayan 'yan kwanaki Gwamna Tambuwal da kansa ya nemi Gwamnatin Tarayya ta sake duba maganar ta mai da sabis, ya ce jami'an tsaron da ke aiki a jihar sun koka cewa rashinsa yana hana su gudanar da aikinsu. Ya kyauta da ya faɗi gaskiya, gama ba ko wane mai mulki ne ke iya janye maganarsa a gaban jama'a ba. Amma wannan shaida ta isa ta rufe gardama: waɗanda aka ce don su aka kashe, su ne suka ce a kunna.

Duniya ma ta riga ta yi magana a kan irin wannan. A 2016 majalisar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tir da toshe wa jama'a intanet da gangan. A 2020 kuma kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta yanke hukunci cewa ƙasar Togo ta saɓa doka da ta kashe intanet a 2017. Ko da ya ke dalilin Togo siyasa ne, na Sakkwato kuwa tsaro, tushen hukuncin ɗaya ne, watau hanyar da mutane su ke magana da juna haƙƙinsu ce, ba a karɓe ta daga hannun dubbai saboda laifin 'yan kaɗan sai da hujja mai ƙarfi da iyaka sananniya.

ABIN DA YA KAMATA

Na farko, kada a sake kashe wa ƙasa guda sabis ɗungum. In wani aikin soja ya tilasta a kashe a wani daji, to a yi shi a wurin kaɗai, a faɗi ranar kunnawa, a cika alkawari, a kuma fito daga baya a gaya wa jama'a abin da aka samu. Tun Disamba 2020 aka tilasta wa kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, talakawa suka yi ta layi a rana, aka rufe layukan waɗanda ba su yi ba, aka ce don a riƙa gane masu laifi ne. Tun da jama'a sun biya wannan farashi, haƙƙinsu ne a bi layin mai neman kuɗin fansa a kamo shi, a bar na tsohuwa ya yi aiki. Ba a ƙone rumbu don ɓera.

Na biyu, a lissafta sabis cikin abubuwan da hukuma ke bin ƙauye bashi, tare da rijiya da hanya da asibiti. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu musamman, USPF, don kai waya wuraren da kamfanoni ba su ga riba ba. Ƙauyukan Rabah da Goronyo da Wurno da ke bakin daji, inda ma'aikatan kamfani ke tsoron zuwa zuba wa injin ƙarfen sabis mai, su ne irin wuraren da aka yi asusun dominsu. A sa musu na'ura mai aiki da hasken rana, a ba ƙarfen tsaro kamar yadda a ke tsaron gada. Wakilan ƙasar a majalisun Sakkwato da Abuja su san wannan aikinsu ne, jama'a kuma su tambaye su. Ga kuma tsada: a Janairu 2025 NCC ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Mai albashi ya yi tsaki ya biya, ɗan ga-ruwa kuwa sai ya rage kiran gida. Ya kamata in za a sake irin wannan lissafi a tuna da shi.

Na uku ya rataya a wuyan jama'a da kansu. Wanda ya ke so a bar masa waya, sai ya riƙe ta da amana. Kada ya tura hoton gawa ko bidiyon harin da bai san inda aka yi shi ba, ko yaushe, gama sau da yawa tsohon abu ne na wata ƙasa, ya tsinka zukatan mutanen kurmi a banza, ko ya sa ƙauye ya watse ba dalili. Kada ya faɗi inda ya ga sojoji sun nufa cikin taron mutanen da bai san ko su wane ne ba. In kuma an san mai kai wa ɓarayi rahoto a gari, a kai maganarsa ga hakimi da hukuma, kada a rufa masa asiri don ɗan wane ne, gama irinsa ne ke ba masu iko hujjar hukunta kowa. Malamai da limamai su ma suna da rabo, su koya wa matasa ladabin waya kamar yadda su ke koya musu ladabin shiga gidan mutane.

Ranar da hanyar Marnona za ta biyu da dare ba fargaba, mutanen Tabanni su kwana a gidajensu, waɗanda ke Gidan Rumji su komo, to a ran nan duk wanda ya ƙi taka ƙafa ya gai da nasa a kira shi mai yanke zumunta, ba mai tare masa. Kafin ta zo, masu iko da dattawa su bar wa talaka wannan 'yar igiya da ta rage masa tsakaninsa da danginsa, su kuma taimake shi ta yi ƙwari. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Goronyo da sauran garuruwa, ya mai da na nesa gida lafiya, ya ba shugabanni basirar gane abin da zai amfani talakawansu, amin.